WALICCIN YARO MAI NAƘASA IDAN YA BALAGA

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai ya yi a taron Hakimai da Magatakardansu



Na sani abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Saboda haka ban zo nan don in koya muku sha'anin mulki ba. An aiko ni ne in tuna muku wata magana wadda ta ke aukuwa a kowace gunduma, amma ba safai a kan kawo ta gabanku ba sai bayan ta ɓaci. Maganar kuwa ita ce ta yaron da Allah ya jarrabe shi da naƙasa, ya girma a hannun iyayensa har ya kai munzalin balaga. Wa zai riƙe shi, wa zai riƙe dukiyarsa, kuma da izinin wa?

Irin waɗannan samari da 'yammata suna da yawa cikin ƙasarmu. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta Arewa, kuma da dama cikin yaran da suka tashi daga ciwon sun tashi ba su ji. A cikin 2006 kaɗai an ƙidaya yara fiye da 1,000 da shan inna ta kama a ƙasar nan. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar wannan cuta daga Afirka a 2020, alhamdu lillahi, amma yaran da ta taɓa suna nan, yanzu da yawansu sun haura shekara 18.

A ce ga gidaje biyu a ƙauye guda. A gida na fari uba ya rasu ya bar ɗa gurgu, mai kaifin hankali, yana ɗinki a bakin kasuwa. Aka raba gado, baffansa ya riƙe gonar da ta faɗo masa, ya ce ai gurgu ba ya noma. Shekara goma ke nan, mai gona bai ga dami ɗaya ba. A gida na biyu uba ya rasu ya bar ɗa ƙaƙƙarfa, jikinsa lafiya lau, amma wayonsa bai wuce na ɗan shekara shida ba. Ba wanda aka bar wa riƙonsa. Kafin damina ta zagayo wani ya saye gonarsa a kan kuɗin tunkiya. An cuci na fari saboda an riƙe wanda ya kamata a saki, an cuci na biyu saboda an saki wanda ya kamata a riƙe. Sanadin ɓarnar duka biyu guda ne, watau sa'ad da suka balaga ba wanda ya zauna ya duba halinsu, ya kafa shaidu, ya rubuta.

1. NAƘASA IRI BIYU CE

A littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalanmu su ke hukunci da su, kamar Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, akwai babin da a ke kira hajru, watau hana mutum sarrafa dukiyarsa da kansa domin a tsare masa ita. Dalilan da suka shafi maganarmu uku ne: yarinta, da hauka, da wauta wajen dukiya, wadda malamai ke kiran mai ita safihi. Makanta ba ta cikin waɗannan dalilai, haka kurumta da bebantaka da gurgunta da kuturta.

A wannan mazhaba cinikin makaho ya halatta, saye da sayarwa, kuma a kan karɓi shaidarsa a kan maganar da ya ji da kunnensa. Bebe kuwa, in an fahimci nuninsa, ya tsaya a matsayin magana wajen ciniki da aure. Kun san kuma labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barinsa a kan garin Madina in zai fita. A garuruwanmu ma ga Sarkin Makafi da Sarkin Guragu suna shugabancin jama'arsu tun zamanin kakanni. Saboda haka duk wanda naƙasarsa ta jiki ce, in ya balaga, kuma ya san riba ya san faɗuwa, lalle a danƙa masa dukiyarsa. In yana son wani ya nome masa gona ko ya je masa banki, shi zai zaɓi wakili da bakinsa, shi kuma zai tuɓe shi ran da ya ga dama.

Mai taɓin hankali ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wanda ciwon ba ya sakinsa, akwai wanda ya kan zo masa ya tafi. Hajrun mai hauka iyakarsa samun sauƙi, in ya warke dukiyarsa ta koma hannunsa. Farfaɗiya kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai magani a asibiti, kuma mai ita yana cikin hankalinsa in ba lokacin da ta buge shi ba. Kada a lissafa shi cikin mahaukata.

2. ABIN DA BALAGA KE SAKEWA

A kan gane balaga da alamunta na jiki. In ba su bayyana ba, magana mafi shahara a mazhabar ita ce cikar shekara 18. Dokar ƙasa ma shekara 18 ta yanka, da ita a ke jefa ƙuri'a, kuma Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta kira duk wanda bai kai haka ba yaro.

Abubuwa uku ne iyaye ke ɗauke wa yaro, kuma a lokacin balaga kowanne hanyarsa dabam. Na fari reno. Haƙƙin uwa na renon ɗa namiji yana ƙarewa da balagarsa, na 'ya mace kuwa sai ta tare a gidan miji. Na biyu ciyarwa. Uba ya kan sauke nauyin ciyar da ɗansa in ya balaga da hankalinsa da ƙarfin neman abinci. Amma in balaga ta same shi da hauka, ko da naƙasar da ta hana shi sana'a, to, ci da sha da tufafi da wurin kwana suna nan a wuyan uba. Wannan ya kamata a riƙa faɗa wa mazan da su kan saki mace su bar mata irin wannan ɗa, su ce ai ya girma.

Na uku riƙon dukiya. Balaga kaɗai ba ta isa a miƙa wa mutum dukiya ba, sai an ga rushdu tare da ita, watau iya tattalin dukiya da sanin inda za a sa ta. Aya ta 5 da ta 6 cikin Suratun Nisa'i su ne tushen wannan hukunci. Sun hana a bar dukiya a hannun wanda bai iya riƙonta ba, sun yi umurni a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta a kuma yi masa magana mai daɗi, sa'an nan sun ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a ba su abinsu gaban shaidu. Jarrabawar ba wuya gare ta ba. A ba shi kuɗi kaɗan a aike shi kasuwa, a bar masa akuya ko 'yar tireda wata biyu ko uku, a ga yadda zai yi. Kurma a jarraba shi da mai jin nuninsa, makaho a bar shi ya taɓa kaya ya yi tambaya. Wanda aka jarraba ta hanyar da naƙasarsa ta toshe, ba a yi masa adalci ba.

Ɗan da ke hannun ubansa, in rushdunsa ya bayyana bayan balaga, hajru ya faɗi da kansa. Wanda ke hannun wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa, sai an sake shi gaban shaidu. Game da 'ya mace littattafan sun ƙara sharaɗin tarewa a gidan miji da shaidar adilai a kan kyawun riƙonta, don haka maganarta a kai wa alƙali ya duba.

3. WA KE DA IKON RIƘO

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Waliccin dukiya a mazhabar Malikiyya na uba ne, bayansa sai wasiyyin da uban ya naɗa, bayan wannan sai alƙali ko wanda alƙali ya ɗora. Kaka da wa da baffa da kawu, har uwa ma, ba wanda ya ke zama waliyyin dukiya saboda dangantaka kurum. Baffa yana iya zama waliyyin aure alhali ba shi da ikon sayar da taƙi ɗaya na gonar maraya. In ana so ɗayansu ya riƙe, sai uba ya yi masa wasiyya, ko alƙali ya naɗa shi.

Sharuɗɗan wasiyyi su ne ya zama Musulmi, baligi mai hankali, adili, mai iya aikin. Muhtasar ya bayyana cewa mace tana iya zama wasiyyiya, makaho ma yana iyawa. Ashe ke nan uba yana da ikon ya naɗa uwar yaron, wadda sau da yawa ita ce ta fi kowa sanin halinsa, ta san abin da ya ke nufi ko bai yi magana ba.

Ga haɗarin barin abu ba a rubuce ba. Wanda haukarsa ta fito fili tun yana ƙarami, riƙon ubansa yana zarcewa, cinikinsa kuma ba ya ƙulluwa. Amma mai ƙarancin wayo, wanda ya ke gaisawa da mutane lafiya, yana zuwa masallaci, sai an zauna da shi kāna a gane, shi ne abin tsoro. In ya balaga ba a san halinsa ba, akwai malaman da su ke ɗaukarsa a kan mai rushdu. In kuma uba ya mutu ba wasiyyi, ya sayar da gona kafin alƙali ya yi masa hajru, Imamu Malik yana ganin cinikin ya zauna, almajirinsa Ibnul Ƙasim yana ganin a rushe shi. Dukiyar da tsirarta ta rataya a kan saɓanin malamai da shekarun zirga-zirga a kotu, gara a tsare ta tun da wuri.

4. ABIN DA UBA ZAI YI TUN YANA DA RAI

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Abu huɗu ne za ku riƙa gargaɗin iyaye da su.

Na ɗaya, da zarar yaron ya balaga, in uba ya ga ba shi da rushdu, ya kira adilai biyu ya shaida musu ya sabunta hajru a kansa. Tuhfatul Hukkam ta ambaci wannan sabuntawa, kuma sharaɗinta a yi ta kusa da balaga. In an yi sakaci lokaci ya ja, sai dai a je wa alƙali. Mafi kyau a je kotu tun farko, da takardar likita a hannu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano.

Na biyu, ya naɗa wasiyyi a rubuce gaban shaidu, ya tambayi mutumin ko ya yarda, ya kuma ambaci wanda zai gaje shi in ya rasu, domin mai naƙasa ya kan yi shekara talatin ko arba'in bayan iyayensa.

Na uku, ya sani naƙasa ba ta rage gado. Misali, mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, abin da ya rage bayan biyan bashi naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, naira 300,000. Kowane namiji naira 600,000, kowace mace naira 300,000. In ɗaya daga cikin mazan nan bai san safe bai san yamma ba, rabonsa naira 600,000 ne cif, a ware shi da sunansa a rubuta.

Na huɗu, in uba yana so ya ƙara wa wannan ɗa wani abu saboda rauninsa, kada ya dogara ga wasiyya, gama ba a yi wa magaji wasiyyar dukiya sai in sauran magada sun yarda. Hanyar ita ce kyauta ko waƙafi tun yana da lafiya. Risala ta karhanta mutum ya ba wani cikin 'ya'yansa dukiyarsa duka, amma ta halatta ya ba shi wani sashe. Uba yana iya karɓar kyautar a madadin ɗan da ke ƙarƙashin riƙonsa, in ya kafa shaidu. Sai dai in gidan da ya ke zaune ciki ne, lalle ya fita daga cikinsa ko daga mafi yawansa, in kuwa tsabar kuɗi ne, ya fitar da su daga hannunsa ya ajiye wurin wani amintacce. In ba haka ba, ran da ya mutu kyautar ta koma cikin gado.

5. IYAKAR IKON WALIYYI

Waliyyi mai tsaro ne, dukiyar ba tasa ba ce. Zai ciyar da mai ita gwargwadon ƙarfinta, ya yi masa magani, ya fitar mata da zakka in ta kai nisabi, gama a mazhabarmu zakka tana kan dukiyar yaro da ta mahaukaci. Ba shi da ikon ya yi kyauta da ita. Wasiyyi ba ya sayar da gona ko gida sai da dalili bayyananne, kamar bukatar abinci in ba wata hanya, ko biyan bashi, ko tsoron rushewa. Mai wadata ya kame hannunsa daga dukiyar, matalauci ya ci kaɗan gwargwadon wahalarsa. In ha'inci ya bayyana, alƙali ya tuɓe shi. A kan karɓi maganar wasiyyi game da abin da ya kashe wajen ciyarwa in ta yi kama da gaskiya, amma in ya ce ya mayar da dukiya ga mai ita, sai ya kawo shaidu.

Har wa yau, riƙon dukiya bai ba kowa ikon wulakanta mutum ba. A tambaye shi inda ya ke so ya zauna da abin da ya ke so ya ci, a bar masa 'yan kuɗin kashewa a aljihu. Kada a yi wa yarinya mai taɓin hankali aure don a rabu da nauyinta, ko don wani ya kai hannu ga gadonta. Kada kuma a ɗaure mutum da mari. Kun tuna a 2019 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su.

6. DOKOKIN ƘASA

Tsarin Mulki na 1999, sashe na 277, ya sa maganar yaro da almubazzari da mai taɓin hankali, da ciyarwa da waliccin Musulmi mai rauni a jiki ko a hankali, cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa. Watau a kan fara daga kotun alƙali, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Talakawanku waɗanda ba Musulmi ba, a nuna musu Babbar Kotun Jiha, ko kotun gargajiya inda a ke da ita.

Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu naƙasa a 2010. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya nemi a ɗauki mai naƙasa cikakken mutum gaban shari'a, a taimake shi ya yanke shawara da kansa iyakar iyawarsa. A watan Janairu 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Mutumin da ya karya ta, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu. Dokar ta hana a yi bara da mai naƙasa, ta kuma ce ma'aikatun Gwamnati su yi ƙoƙarin ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A watan Janairu 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Ku lura kuma, banki ba ya aiki da maganar baki. In mutum ya cika shekara 18, ko ubansa ne ya zo taɓa ajiyarsa, za a nemi izinin mai ajiya ko takardar kotu. Don haka a yi wa yaron takardar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa tun da wuri.

7. AIKIN HAKIMI DA MAGATAKARDA

Tun 1968 aka ɗauke kotuna daga hannun En'e, saboda haka naɗa waliyyi ko tuɓe shi aikin alƙali ne. Amma alƙali ba ya ganin abin da ba a kawo masa ba, mai ƙarancin wayo kuwa ba ya kai ƙara. Ku ne masu dagatai da masu unguwa waɗanda suka san kowane gida. Ga abin da a ke roƙonku.

Ku umurci dagatai su sanar da ku duk gidan da ke da yaro mai naƙasa wanda ya kusa balaga. Magatakarda ya buɗe littafi guda, ya rubuta sunan yaron, da shekarunsa, da irin naƙasarsa, da wanda ke riƙe da shi, da abin da ya mallaka, gona da iyakokinta, dabbobi da adadinsu. Littafin nan amana ne, ba na nuna wa kowa ba. Hakimi ya kira uban a keɓe, ya yi masa bayanin abubuwa huɗun nan, gama mutane da yawa suna jin nauyin zancen wasiyya, suna ganin kamar kiran mutuwa ne. In an yi rasuwa a irin wannan gida, a aika wa alƙali kafin a raba gado. In an kawo takardar cinikin gona ko gida don ku sa hannu, aka ga mai abin yana cikin littafin nan, a dakata sai an ji daga bakinsa in mai hankali ne, ko an ga takardar kotu in ba haka ba. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, dagaci ya je ya ga mutumin da idonsa, ya tambayi abin da gonar ta bayar da inda aka kai shi. In kuma an sami makaho ko gurgu ko kurma mai hankali wanda dangi suka danne wa gado, a kira su a yi musu nasiha, in sun ƙi a nuna masa hanyar kotu, a haɗa shi da mai rakiya.

Ranku ya daɗe, wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, sai littafi da alƙalami da kalmar Hakimi, wadda har gobe tana da nauyi a ƙasarsa. Ina roƙo kowane magatakarda ya fara da ƙauye guda cikin wannan wata, ya kawo wa Hakiminsa abin da ya samu. Wanda ya ga wata mas'ala ta shige masa duhu, ya tuntuɓi alƙalin yankinsa kafin ya ba talakawa amsa.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Hakimai lafiya da adalci, ya ba mu ikon riƙon amanar raunana. Wassalamu alaikum.